Yadda ake shimfiɗa ƙaramin layin dogo a tsakar gida

Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, maganar jirgin ƙasa ta shiga bakin mutanen da a da sai sun je Funtuwa ko Kano suke ganin tarago da idonsu. Ga kuma Jami'ar Sufuri a Daura. Yaran da suka ƙware wajen ƙera motar kara da ta langa-langa sun fara tambayar yadda jirgi ke bin ƙarfe ba tare da sitiyari ba. Amsar da ta fi zama a kai ita ce a gina musu ƙarami a gida su gani yana tafiya. Manya ma, in za a faɗi gaskiya, sun fi yaran daɗewa a tsugune a gabansa.

A Turai da Amurka wannan sana'ar nishaɗi ce da ta daɗe, kuma akwai littattafai barjat a kanta. Sai dai masu rubuta su suna fama ne da ƙanƙara da danshi da ganyen da ke zuba. Mu a Katsina abokan faɗanmu daban ne: ƙurar hunturu, ranar bazara, ruwan Agusta da ke saukowa daga indararo, gara, da kajin uwargida. Jirgin kansa shi ne abu mafi sauƙi a cikin aikin. Wanda ya gyara ƙasa ya gama kashi mafi girma, wanda ya yi gaggawar ganin jirgi na gudu kuwa zai sake aikin bayan damina ɗaya.

Girman da za ka zaɓa

Ƙananan jiragen nan kala-kala ne, kuma ana bambanta su da tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu. Akwai N mai milimita 9, akwai HO mai milimita 16.5, wanda shi ya fi yawa a duniya. Duk na cikin ɗaki ne. Tsakuwa ɗaya mai girman ƙwayar dawa ta isa ta kifar da jirgin HO, to ina ga tsakar gidan da iska ke kwaso yashi kullum.

Na waje shi ne wanda ake kira G, mai tazarar milimita 45. Kamfanin Lehmann na Jamus ne ya fito da shi a 1968 da sunan LGB, an kuma ƙera shi ne domin ya jure rana da ruwa. Ma'auninsa ɗaya bisa 22.5, wato duk abin da ya kai mita 22.5 a zahiri zai dawo mita ɗaya. Akwai wata dacewa a nan da ta shafe mu. Tsohon layin dogon Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911, tazararsa milimita 1,067 ce. Ka raba da 45, za ka samu kusan 24. Ke nan in kana son kwaikwayon jirgin da ya yi jigilar gyaɗa da auduga, dogon G ya yi masa daidai, bambancin ba ya ganuwa. In kuma sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna kake so, mai tazarar milimita 1,435, ma'aunin sai ya koma ɗaya bisa 32, taragon su yi tsawo, su ƙi shan ƙaramar kwana. A ƙaramin fili tsohon jirgi ya fi: gajere, mai kauri, mai tafiya a natse.

Wurin

Mita 3 a tsawo da mita 2 a faɗi sun isa, kuma da su zan yi lissafi har ƙarshe. Kafin ka buga turke, ka jira a yi ruwa mai ƙarfi ka tsaya ka kalli tsakar gidan: ina indararo ke zuba, ina ruwan ke bi ya fita rariya, ina yake kwanciya. Duk waɗannan wuraren ka bar su. Ƙarƙashin bedi yana da daɗin zama, amma 'ya'yansa da ganyensa da kashin tsuntsaye za su sa ka shara kullum, saiwarsa kuma ta ɗaga ginin bayan shekara biyu ko uku. Wurin da inuwar katanga ke rufewa daga azahar zuwa yamma shi ne zaɓi na farko.

Kada ka jingina ginin da katanga, musamman ta ƙasa, don danshin cikon zai ci gindinta. Bar tazarar rabin mita, wadda mutum zai bi ta baya. Tana da wani amfanin kuma: hannun babba ba ya wuce santimita 70 zuwa 80 in ya miƙa, saboda haka fili mai faɗin mita 2 dole a iya zagaya shi ta kowane gefe, in ba haka ba duk ranar da jirgi ya faɗi a can ƙurya sai an taka gari kafin a ɗauko shi.

Sannan ka yi shawara da matar gida tun kafin a sauke bulo. Wurin da kake gani fili ne, wataƙila nan ake shanya.

Dakalin

A ƙasashen da ake da ciyawa shimfiɗe, wasu kan ɗora dogo a ƙasa kai tsaye. Kada ka yi haka a nan. Ɗaga shi a kan dakali mai tsayin bulo biyu, kusan santimita 45 zuwa 50. Ruwan tsakar gida ba zai hau ba, tsintsiya ba za ta watso masa yashi ba, mai rarrafe ba zai kai ba, kai ma bayanka zai huta.

Ja igiya ka fitar da mita 3 da mita 2. Auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu suka zo ɗaya, kusurwoyinka sun miƙe. Haƙa rami mai zurfin santimita 15 da faɗin 25 a kewayen, a zuba kankare, kwano ɗaya na siminti da uku na yashi da shida na tsakuwa. Kewayen mita 10 ne, bulo kuma tsawonsa santimita 45, don haka layi ɗaya zai ci kamar 22. Sayi bulo 50 mai inci shida, saboda fashewa.

A layin ƙasa, birkila ya bar ƙofofin ruwa: duk bayan bulo uku a saka guntun fayif mai inci ɗaya, ya ɗan sunkuya waje. Nan za ku yi ja-in-ja, domin ya saba toshe kowace kafa, zai ce maka, "Alhaji, ai gini ba a barinsa da huji." Ka dage. Dakalin da ba shi da mafitar ruwa kwatami ne, ruwan Agusta zai cika shi, cikon ya zama taɓo, dogon ya nutse.

Layin sama shi ne wanda ake bi da hankali. Samo siririn tiyo mai haske, irin wanda magina ke awo da shi, a cika da ruwa ba kumfa. Mutum ɗaya ya riƙe bakinsa a kusurwa ɗaya, kai ka zagaya da ɗaya bakin kana yin alama daidai inda ruwa ya tsaya. Duk kusurwoyin huɗu da tsakiyar kowane gefe su zo daidai. Kuskuren santimita ɗaya a nan zai bi ka har ƙarshen aikin.

Ciko zai ci kusan kubik mita biyu da rabi, wato baro da yawa, ka shirya. A ƙasa a zuba ɓaraguzan bulo da duwatsu kamar santimita 15, su ne hanyar ruwa. Sai burji, ana zubawa santimita 10, a yayyafa ruwa, a daɓe da madaɓi, a sake zubawa. Kada a saka ƙasar bola ko wadda ke da guntayen itace da kara. Kiran gara ne. Idan an zo saura santimita 10 a cika, a tsaya.

Yanzu sai haƙuri. Abin da ya fi shi ne a yi wannan ciko a watan Mayu, a bar damina ta daɓe shi da kanta, a dawo a Oktoba a cike inda ya lotsa. Wanda ba zai iya jira ba ya riƙa jiƙa shi sharkaf kullum har sati biyu, yana bi da madaɓi. Ba daidai yake da damina ba, amma ya fi a shimfiɗa dogo a kan ƙasar jiya.

Wata sha'awa da ke kama kowa a wannan matakin ita ce ta yin hawa da gada, jirgi ya bi ta saman kansa. Lissafi ya hana. Jirgin nan ba ya son hawan da ya wuce santimita 2 a kowace mita, kuma kafin wani ya wuce ta ƙarƙashin wani ana bukatar sarari kamar santimita 23. Hawan kaɗai zai ci fiye da mita 11, saukar ma haka, alhali duk layinka mita 7 ne. Bar dogon a miƙe. In kana son gada, ƙasar za ka haƙe a ƙarƙashinsa ta zama rafi, dogon ya wuce a inda yake.

Dogon: saye ko ƙerawa

Hanya biyu ce. Ta farko, ka sayi dogon LGB ko na kamfanin Piko, ƙarfen tagulla a kan robar da rana ba ta cinyewa da wuri. Mafi ƙanƙantar kwanarsu, wadda suke kira R1, santimita 60 ce daga tsakiyar da'ira zuwa dogo, kuma guda 12 ke haɗa cikakkiyar da'ira. Ƙara miƙaƙƙu masu santimita 30 guda 10, biyar a kowane gefe, ka sami zagaye mai siffar ƙwai da ya zauna a dakalinka. Abin yana da kyau, yana da ƙarko, amma tagulla tana da nauyi, kuɗin ɗaukowa daga waje kan kai na kayan. In kana da ɗan'uwa mai zuwa daga Jamus ko Ingila, na hannu ma ya wadatar, don tagulla ba ta tsatsa, baƙi kawai take yi.

Ta biyu ita nake ba mutumin Katsina shawara: ka ƙera da kanka. Je wurin masu tagogin alminiyam ka nemi shafaffiyar sanda mai kaurin milimita 3 da faɗin 12. A tsaye za a kafa ta, a kan siririn gefenta, tayar jirgi ta hau kan milimita ukun nan. Tunda kai ke lanƙwasawa, kana iya buɗe kwanar zuwa santimita 75, jirgi ya fi sakewa. Lissafin: kwanoni biyu sun haɗa mita 4.7, miƙaƙƙun gefe biyu mita 1.2 kowanne, jimla mita 7.1. Ƙarfe biyu ne, ke nan mita 14.2. Sayi mita 16 ko 17.

Sai 'yan katakan da ƙarfen ke kwanciya a kansu, mu kira su matasai. Kowanne tsawon santimita 9, kauri da faɗi santimita ɗaya da rabi. Ana jera su duk bayan santimita 5, don haka kana bukatar kamar 145. Katako mai tauri kawai: kirya in ka samu, ko maɗaci. Farin katakon rufi gara za ta cinye shi kafin shekara ta zagayo. Tsawon matashin ya bi jijiyar itacen, in aka yanka a karkace zai tsage a wurin tsagi.

Tsagin nan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan za ka zauna kusa da kafinta kada ka tafi. Kowane matashi za a yi masa tsagi biyu, zurfin milimita 5, faɗin daidai kaurin sandar, yadda sai an ɗan buga take shiga. Tsakanin gefen ciki na tsagi ɗaya da gefen ciki na ɗayan milimita 45 cif. Ya jera guda ashirin ko talatin a matse, ya ratsa su da zarton inji gaba ɗaya, ya juya ya yi na biyun ba tare da ya taɓa saitin ba. A fara gwadawa da guda uku, a saka ƙarfen a auna, kafin a yanka sauran. Na kwana, kamar guda 95, in an ƙara musu rabin milimita ya fi, don taya ta sami wurin juyawa. Kafintan da ya ce maka "ai milimita ɗaya ba komai ba ne" gaskiya ya faɗa a kan ƙofa da gado. A nan milimita ɗaya na ƙunci yana sa jirgi ya hau kan ƙarfe ya faɗi.

Bayan yanka, a jiƙa matasan a maganin gara irin wanda ake shafa wa katakon rufi, a bar su kwana biyu, a shanya a inuwa. Baƙin mai yana korar gara, amma yana kashe shuka, yana kama ƙura, yana ɓata hannun yara.

Lanƙwasawa ba ta da wuya. Zana rabin da'irar a kan filawud ko a daɓen siminti da igiya da ƙusa. Riƙe sandar a tsaye ka riƙa tanƙwara ta kaɗan-kaɗan a jikin durom, kana matsawa tafin hannu ɗaya kowane lokaci, kana gwadawa a kan zanen. Kada ka nemi gama kwanar a tanƙwara ɗaya. Inda ya karye gwiwa ba ya gyaruwa sosai. A kowace rabin da'ira ƙarfen ciki ya gaza na waje da kusan santimita 15, ka yanke rarar da zarton ƙarfe, ka goge bakin da magagari. Sai ka buga sandunan cikin tsagin da gudumar katako.

Shimfiɗawa

Ɗora dogon a kan ciko ka zana gefensa, ka ɗauke. Bi zanen ka haƙa kwari mai faɗin santimita 15 da zurfin 8, ka shimfiɗa buhun roba a ciki don ciyawa, ka huhhuda shi. Cika da fasasshen dutse ƙanana, milimita 3 zuwa 6, irin wanda ake tacewa da rariya daga garin dutse na wurin fasa dutse. Tsakuwar rafi mai santsi ba ta riƙe komai, tana gangarewa. Mai kaifin ita ke cije juna. Daɓe, ɗora dogo, zuba wata tsakuwar a kai, ka share da buroshin fenti har ta cika tsakanin matasai ba ta taɓa saman ƙarfe ba.

Kada ka kafe dogon da siminti ko ƙusa. Dalili shi ne rana. Alminiyam yana ƙara kusan milimita ɗaya a kowace mita in zafinsa ya tashi da digiri 40, tagulla kuma ƙasa da haka kaɗan. Asubahin hunturu a Katsina kan sauka ƙasa da digiri 15, a Afrilu kuma iska kanta tana wuce 40, ƙarfen da ke kwance a rana ya fi haka nesa. Dogon da aka ɗaure zai nemi wurin miƙewa ya rasa, sai ya yi doro ko ya karkace. Wanda ke kwance a tsakuwa kuwa yana numfashi, kwanoninsa su ɗan buɗe da rana su dawo da dare. A mahaɗar sanduna ka bar 'yar tazara: in da sanyin safiya kake aiki, milimita 2, in da tsakar rana ne a bazara, kusan a haɗe. Mahaɗar ƙarfen dama da ta hagu kada su zo wuri ɗaya, kuma ka yi ƙoƙari su faɗo a miƙaƙƙen gefe. Ana riƙe su da ɗan guntun alminiyam ta waje, da ƙananan noti biyu a kowane ɓangare, hujin ya ɗan fi notin faɗi. Ta waje na ce, domin ta ciki nan ne leɓen taya ke bi.

Daga nan sai awo, taku-taku. Ɗora ƙaramin ma'aunin magina mai ruwa a kan ƙarafan biyu, a gicciye, duk bayan tafin hannu biyu. Inda gefe ɗaya ya sauka, ɗaga ka cusa tsakuwa da ɗan kara. Karkacewar gefe da gefe ita ta fi kifar da jirgi, ta fi hawa da sauka haɗari, domin tarago mai taya huɗu in ya zo wurin sai taya ɗaya ta rataya a iska.

Kan jirgi da wutarsa

Yawancin jiragen kanti daga dogo suke shan wuta, ta taransifoma mai rage ta zuwa bolt 18 ko 24. A garin da ƙura ke sauka kan komai wata uku a jere, wannan wahala ce: sai ka goge ƙarfe kafin kowane wasa, jirgi na tafiya yana shaƙewa. Ga ɗauke wuta, ga haɗarin jan wayar gida zuwa wurin da ake ban-ruwa. Saka batir a cikin jirgin ka huta. Dogon alminiyam ɗinka ma dama da wannan niyyar aka yi shi.

In saye za ka yi, nemi kan jirgi mai taya huɗu, gajere, wanda aka rubuta milimita 45 ko G a kwalinsa. Jiragen Playmobil masu rimot wannan dogon suke bi. Masu arha na roba da ake sayarwa a matsayin kayan wasa suna yi, sai dai ba su da nauyi, kuma rana na busar da su.

In ƙerawa ne, ga abin da ke aiki. Ƙaramin moto mai giya, na bolt 12, mai juyi 200 a minti. Taya mai faɗin milimita 30, da leɓe ta ciki mai zurfin milimita 2 zuwa 3. Masu injin sassaƙa ƙarfe za su fitar maka da ita in ka kai musu zane. Tsakanin bayan taya da bayan 'yar'uwarta a kan gatari ɗaya, wato sandar da ke haɗa tayoyin biyu, milimita 40, wannan awon kada ya motsa. Tsakanin gatarin gaba da na baya kada ya wuce santimita 10 zuwa 12. Da wannan haɗin jirgi zai yi kamar santimita 31 a daƙiƙa, wanda a ma'auninsa ya yi daidai da kilomita 25 a awa, ya zagaye dakalin cikin daƙiƙa 23. Kana iya ganin kamar ya yi sanyi. Ka gwada mai sauri ka gani: nan take ya koma abin wasa, kwarjinin ya tafi.

Batir ƙanana masu caji guda 8 a jere suna ba da bolt 9.6, sun isa, kuma su suka fi aminci a gidan yara. Masu amfani da batirin litiyam 18650 guda uku, irin na tsohuwar kwamfuta, lallai su haɗa da allon kariyarsa, kada kuma a bar shi a rana ko a caja ba kowa. Ko wanne ka zaɓa, saka fis kusa da batir, da makunni mai juya gaba da baya, da ɗan allon rage gudu mai maɓallin murɗawa. Duk mai gyaran rediyo zai haɗa maka su cikin awa guda. Batirin ya zauna a ƙasa, daidai kan tayoyi, nauyinsa ne ke hana su sulɓi. Jikin kuwa gwangwanin man gyaɗa ko filawud siriri da fenti biyu ya wadatar, a nan ne yaran langa-langa za su nuna maka sun fi ka.

Tarago uku sun isa wannan fili, kowanne tsawon santimita 20 zuwa 25. A ɗan saka musu ƙarfe a ƙasa su yi nauyi iri ɗaya, domin marar nauyi a tsakiyar masu nauyi shi kwana ke fizgewa. A haɗa su da ƙugiya da 'yar sarƙa mai ido uku, duk a tsayi ɗaya.

Garin da jirgi zai ratsa

Raba komai da 22.5. Ƙofa mai mita 2 za ta zama santimita 9, ɗakin soro mai mita 3 ya zama 13. Hasumiyar Gobarau, mai kamar mita 15, za ta kai santimita 67, ta zama abin da ido ke fara sauka a kai. Mutumin Daura zai fi son rijiyar Kusugu da ƙofar fada. Kada ka cika wurin. Tasha ɗaya, gida biyu ko uku masu zankwaye, dalar gyaɗa da aka yi da 'yan buhunan yadi cike da yashi, shi ke nan. Mutum-mutumi ba dole ba ne. Da yawa sun fi son barinsu, kuma tasha da kaya jibge a gefenta tana nuna akwai mutane ko ba a gan su ba.

Ginin ƙasa na gaske zai narke a ruwan farko. Yi ƙashin da ragar waya, ka shafe da siminti ɗaya da yashi mai laushi uku, ka zuba jan garin fenti ko tataccen jan burji a kwaɓin don ya ba da launin makuba. Tun yana ɗanye ka zana adon bango da tsinke. A rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana uku kada ya tsage.

Kogon da jirgi ke shiga ya fito yana burge yara ƙwarai, amma kada tsawonsa ya wuce santimita 50, yadda hannu zai kai tsakiya, faɗinsa 20, tsayinsa 25. Wuri ne mai sanyi da duhu, ƙadangare zai tare a ciki, wata rana kunama. A fara tura sanda kafin hannu, a koya wa yara haka tun ranar farko.

A shuka, kariya ta fi komai dacewa: gindinta mai kumburi da rassanta sak kuka a wannan ma'aunin, ga jure fari. Sai dai ruwan jikinta guba ne, in akwai ƙananan yara ko awaki a bar ta. Lalle yana karɓar aski, ana iya mai da shi 'yar bishiya. Duk abin da za ka shuka, bar shi a tukunyarsa ka binne tukunyar, saiwa ba za ta shiga ƙarƙashin dogo ba, ban-ruwa kuma ba zai jiƙa cikon duka ba.

Gwaji da kulawa

Kafin ka ɗora kan jirgi, tura tarago ɗaya da yatsa ya zagaya, kunnenka na saurare. Inda ya yi ƙara ko ya cije, yi alama da alli. Sannan kan jirgi shi kaɗai, a hankali, gaba sau da yawa, baya sau da yawa. Sai a ƙara tarago ɗaya-ɗaya.

Zai faɗi, wannan babu makawa, kuma gane dalilin ba shi da wuya. In a wuri ɗaya ake faɗuwa ko wane tarago ne, laifin dogo ne: auna tazarar, duba karkata, shafa mahaɗa da yatsa ko akwai tudu. In tarago ɗaya ne ke faɗuwa a wurare daban-daban, laifinsa ne: auna milimita 40 ɗin nan, duba ko ƙugiyarsa ta fi ta sauran tsayi, ƙara masa nauyi.

Kafin kowane wasa a bi layin da buroshi. Mai ɗigo ɗaya a bakin gatari, irin na keken ɗinki, sau ɗaya a wata. In ya yi yawa ƙura ta kama shi ya zama abin goge ƙarfe. Saman dogo kuwa ba a sa masa mai ko kaɗan. Jirgi da taragonsa a ɗaki suke kwana, a cikin akwati mai murfi. Kaji suna son tsakuwar nan, suna tona ta suna haɗiya, don haka a yi murfin ragar waya mai firam biyu da za a ɗora in an tashi. Tamfol yana tare ƙurar hunturu, amma a bazara a ɗaga shi kan sanduna iska ta ratsa, kada zafi ya taru a ƙarƙashi. Bayan kowane babban ruwa a duba bakin fayif ko ya toshe, a ƙara tsakuwa inda ta zaizaye. Duk wata a ɗaga matashi biyu ko uku a duba ƙarƙashinsu. In ka ga 'yar hanyar ƙasa ta gara, a yi feshi a ranar.

Mararrabar da jirgi ke sauya layi, ka bar ta sai shekara ta biyu. Ita ce mafi wuyar ƙerawa, kuma nan ne tsakuwa ke maƙalewa. In lokacin ya yi, sayi guda ɗaya ta kanti mai juyawa da hannu, ka sa ta a miƙaƙƙen gefen da ke kusa da inda kake zama, ka ɗaga ko ka sauke dogonka har samansa ya zo daidai da nata, ka kuma bar ƙarƙashin harshenta ba tsakuwa.